Na Buga Littafi, Wa Zai Yi Masa Sharhi?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili tun bayan fitowar da ta gabata yawancinsu na marubuta ne, kuma kukan kusan ɗaya ne: an sha wahala an buga littafi, amma shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita su, mun miƙa wa masu amsa mana tambayoyin adabi da ɗab'i. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na buga littafina na farko, ƙagaggen labari mai shafi 180, kwafi 1,000. Wata huɗu ke nan da fitowarsa. Na raba wa 'yan jarida da malamai da dama kyauta, kowa ya ce zai duba, amma har yau ban ga layi ɗaya da aka rubuta a kansa ba. Ina matsalar take? *Wata marubuciya, Gusau*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya sanya albarka. Bari mu fara da tambayarki: da kika miƙa littafin, kin faɗa wa mutumin abin da kike so ya yi da shi? Yawancin marubuta ba sa faɗa. Sukan rubuta "kyauta ga Malam wane" a shafin farko, su sa hannu, su miƙa. Shi kuma ya yi godiya, ya ɗora a kanta. Bai yi laifi ba, kyauta aka ba shi, ba a roƙe shi komai ba.

Sannan ba kowane ɗan jarida ne ke rubuta sharhin littafi ba. Wakilin da ke ɗauko labarin gidan gwamnati, ko ya karanta ya ji daɗi, ba shi da shafin da zai sa. Jaridun Hausa irin su Aminiya da Leadership Hausa da Manhaja sukan ware wa adabi fili, kuma galibi mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da filin. Ki nemo fitowa shida ko takwas na baya-bayan nan, a takarda ko a intanet, ki ga sunan wa ke maimaituwa, kuma me yake rubutawa. Wani hira da marubuta kawai yake yi. Wani waƙa ce ta dame shi. Wani kuwa yakan zauna ya feɗe labari, ya yi maganar jigo da salo da taurari. Wannan na ukun kike nema. Haka za ki yi da rediyo: ki saurari shirin adabin tashar sau uku ko huɗu, ki riƙe sunan mai gabatarwa da ranar da ake yin shirin. Ki ƙara da masu sharhi a Facebook da YouTube waɗanda kika ga ana tanka musu da gaske. Jerin mutum 15 zuwa 20 ya isa. Ware kwafi 30 cikin 1,000 domin wannan aiki ba asara ba ce, kuma kamata ya yi a lissafa su cikin kuɗin bugu tun farko.

Abin da za ki aika wa kowane ɗaya uku ne: littafin, da takardar bayani shafi ɗaya, da gajeriyar wasiƙa.

Takardar bayanin ta ƙunshi sunan littafi da naki, kamfanin da ya buga, gari da shekara, yawan shafi, lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya), farashi, shagunan da ake samunsa, da lambar wayarki. Ƙarƙashinsu ki taƙaita labarin cikin kalma 150 zuwa 200, sai tarihinki a layi huɗu ko biyar. Dalilin wannan takarda shi ne mai sharhi yakan rubuta aikinsa da daddare, shafi na jira, ba zai tsaya neman ki a waya don jin nawa ake sayar da littafin ba. Idan bai samu a gabansa ba, ko dai ya bar wurin babu, ko ya ɗage aikin, kuma abin da aka ɗage a ɗakin labarai ba kasafai ake komawa kansa ba. Ki tanadi hoton bangon littafin da hotonki masu kyau. Ki tura su ta imel, ko ta WhatsApp a matsayin fayil, domin idan kika tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, ya fito dishi-dishi a takarda. Wanda ya zana miki bango yana da asalin fayil ɗin, ki ce ya ba ki mai ƙarfin 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto da ya dace da bugu.

Wasiƙar kuwa kada ta wuce layi biyar ko shida, kuma kowa da tasa. Misali:

"Malam, barka da aiki. Na karanta sharhinka na makon jiya, na ga yadda ka tsaya a kan matsalar dukiyar marayu. Littafin nan nawa ya shafi rikicin gado ne tsakanin kishiyoyi biyu bayan rasuwar maigidansu. Ina roƙon ka duba shi, idan ka ga ya cancanta ka yi masa sharhi a filinka. Abin da ka gani shi nake so ka faɗa, mai daɗi ko akasinsa."

Wannan ta nuna kin san aikinsa, ta faɗi abin da littafin ya ƙunsa, ta kuma faɗi buƙata a fili. Saƙo ɗaya da aka tura wa mutum hamsin, mai farawa da "ina mai farin cikin sanar da ku", kowa yana gane shi, kuma ba wanda yake jin an ɗora masa nauyi.

Bayan mako uku ki tura saƙon tuni guda ɗaya. Bayan wasu ukun ki ƙara ɗaya. Daga nan ki ƙyale. Kiran waya kullum yana sa mutum ya ji littafin ya zame masa bashi, ya riƙa gudunsa. Kada ki sa ran duk za su rubuta. Ko uku suka rubuta an ci riba.

Wata huɗu bai yi latti ba, amma jarida tana son dalilin da zai sa a yi maganar abu yau. Ki yi amfani da Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga Afrilu, ko Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ki aika wata guda kafin ranar. Ki guji watan azumi da lokacin zaɓe, domin tafsiri da siyasa kan cinye fili a rediyo da jarida. Kuma ki nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, da ke jiharki, ko wata ƙungiyar marubutan Hausa da ke zaman karatu. Ki karanta babi ɗaya a gabansu. Da yawa daga masu rubuta sharhi a irin wannan zama ake haɗuwa da su, kuma mutum ya fi saurin buɗe littafin wanda ya taɓa ji yana karantawa da bakinsa.

Tambaya: Zan ƙaddamar da littafin tarihin garinmu nan da mako biyar. Abokai sun ce in gayyato babban farfesa ya yi sharhi don taro ya yi armashi. Wa ya kamata in zaɓa, kuma me ake ba shi? *Wani malamin makaranta mai ritaya, Jihar Katsina*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Armashin taro aikin shugaban taro ne da uban taro da babban mai ƙaddamarwa. A nan ake sa manyan sunaye. Mai sharhi kuwa sharaɗinsa ɗaya ne: ya zama zai karanta littafin tun daga bango har bango. Babban mutum mai tarin aiki yakan karɓi gayyata don kunya, sannan ya zo ya yi minti ashirin yana yabon marubuci da iyayen ƙasa, bai ambaci shafi ko ɗaya ba. Ka nemi wanda tarihin yankinku ne fanninsa, a sashen tarihi na jami'a ko kwalejin ilimi, ko a Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ko da bai kai farfesa ba.

Mako biyar ya yi ƙuru, saboda haka ka kai masa a makon nan. Idan ba a gama bugu ba, ka sa maɗaba'a ta fitar maka da kwafin gwaji mai lambobin shafi na ƙarshe, a ɗaure. Wannan ma ya fi, musamman ga littafin tarihi. Idan ya gano an yi kuskure a shekarar sarautar wani hakimi, ko an haɗa zuriyar wani gida da ta wani, kana da damar gyarawa kafin a buga. Irin wannan kuskure idan ya fito a bainar jama'a, a gaban jikokin mutanen, ba a gyara shi da ban haƙuri.

Ku yi magana a fili a kan abubuwa huɗu. Sharhin ya zama rubutacce, kalma 1,000 zuwa 1,200, abin da za a karanta cikin minti 10 zuwa 12. Ya ba ka kwafi kwana biyu ko uku kafin taro. Ya yarda ka raba wa 'yan jarida. Ya kuma yarda a taƙaita shi zuwa kalma 600 ko 700 don jarida, shi ya taƙaita ko ya duba abin da aka taƙaita. Abin da ya fi lalacewa a tarukan ƙaddamarwa shi ne a yi sharhi mai kyau da ka, a tafa, a watse, babu abin da ya rage a takarda. Idan rubutacce ne, ko uzuri ya hana shi zuwa wani zai karanta a madadinsa. Ka buga kwafi goma ka ba wa yaro ɗaya aikin miƙa wa duk ɗan jaridar da ya zo. Ka kuma gaya wa mai gabatar da taro cewa sharhi kafin ƙaddamarwa zai zo, domin da an gama sanar da gudummawa manyan baƙi suke fara tashi, 'yan jarida su bi su.

Batun abin da ake ba shi: kuɗin mota da masauki idan daga nesa yake, da ihsani gwargwadon ƙarfinka, domin ya ɓata kwanaki yana karatu. Ka yanke adadin kafin ka ga abin da ya rubuta, kada ka ƙara ko ka rage bayan ka gani.

Tambaya: Ni a waya nake rubutu, ina sakin labari shafi-shafi, kuma littafin na kuɗi ne, sai an biya ake karantawa. Wani mai sharhi ya ce in turo masa cikakke. Ina tsoron ya fita ya zaga gari. Kuma wanda na taɓa tura wa a baya ya ce haruffa sun rikiɗe masa. *Wata marubuciyar intanet, Kaduna*

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Fayil ɗaya idan ya faɗa zauren WhatsApp, kafin gari ya waye ya gama yawo. Amma ba a yin sharhin rabin labari, don haka dole wani ya ga cikakken. Abin yi shi ne ki rage haɗarin.

Ki fara tura masa babi uku na farko da taƙaitaccen labarin gaba ɗaya. Idan ya karanta ya ce zai yi, sai ki tura sauran. Ki mayar da shi PDF, kada ki tura fayil ɗin Word da ake iya gogewa a sauya suna. Kafin ki mayar, ki sa sunan mai sharhin ya fito dusashe a bayan kowane shafi. A Microsoft Word ana samun wannan a ƙarƙashin Design, sunansa Watermark. Ki ƙara da wata dabara: a kowane kwafi ki sauya jimla ɗaya a tsakiyar littafin, misali launin mayafin wata tauraruwa, ki rubuta a ajiye wane launi kika ba wa wa. Ko an kwafe rubutun an zubar da tambarin, za ki san ta inda ya fita. Lambar sirri ba ta da wani amfani a nan, domin mai tura fayil zai tura ta tare da shi. Idan gari ɗaya kuke, abin da ya fi duka shi ne ki je shagon buga takardu a fitar miki, shafi biyu a kan kowace takarda, a ɗaure, ki ba shi a hannu. Ba kowa ke da haƙurin ɗaukar hoton shafi ɗari biyu ba. Kuma ki rubuta masa a saƙo cewa kwafin na sharhi ne kawai, ba na rabawa ko karantawa a YouTube ba, ki jira ya amsa da "na yarda".

Rikiɗewar haruffa kuwa tsohuwar matsala ce. Akwai nau'o'in rubutun kwamfuta na Hausa da aka daɗe ana amfani da su, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora haruffa masu ƙugiya a kan maɓallan wasu alamomi ko haruffa. A na'urar da ke da su komai daidai yake fita. A wadda babu, sai "ƙasa" ta koma "}asa" ko "qasa", "ɗaya" ta koma "]aya" ko "xaya". Idan a waya kike rubutu, ki sa Hausa a cikin harsunan Gboard, wato allon rubutun waya na Google, ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa suna fita a kusan kowace na'ura. Idan wani ne ya buga miki a kwamfuta, ki ce ya mayar da shi PDF a kan kwamfutar da ya yi aikin, sannan ki buɗe a wayoyi biyu daban kafin ki tura.

Ga wani abu da ba ki tambaya ba. Labarin da aka saki shafi-shafi yana ɗauke da kayan da ba na littafi ba: gaisuwa ga masoya, lambar asusun banki, tallar atamfa da turare, jan kunnen masu yaɗa littafi ba izini. Ki share su duka, ki haɗa shafukan su zama babi-babi. Sannan ki bi ƙa'idojin rubutu, musamman raba kalma: "ya ce" ba "yace" ba, "shi ne" ba "shine" ba, "za ta" ba "zata" ba. Mai sharhin da ya ci karo da kuskure goma a shafin farko, rabin sharhinsa a kansu zai ƙare, labarin da kika sha wahala a kansa ya samu sakin layi ɗaya.

Tambaya: Wani ya ce zai yi wa littafina sharhi a shafinsa, ya kuma sa a jarida, amma sai na ba shi na goro. Ya dace? *Wani matashi, Jos*

Amsa: Ɗan'uwa, akwai kuɗin da ake biya a wannan harka babu kunya. Ana biyan mai tace littafi kafin bugu. Ana yi wa mai sharhin taro ihsani. Ana biyan talla, a rubuta cewa talla ce. Kuɗin aika littafi ma naka ne, ba na mai sharhi ba. Wanda bai dace ba shi ne ka sayi yabo a sayar wa masu karatu da sunan ra'ayi.

Ka duba sharhinsa biyar na baya. Idan a cikinsu babu littafin da aka samu da aibi ko ɗaya, duk "ya yi zarra", duk "alƙalaminsa ya fi takobi", to talla yake sayarwa. Masu karatu sun riga sun gane shi, kuma littafinka zai shiga sahun waɗanda ake wucewa. Idan kana son tallar, saye ta a matsayin talla: ka tambayi mutum nawa ke ganin abin da ya wallafa, kwana nawa zai bar shi a sama, ku yi ciniki. Alƙawarin "zan sa a jarida" kuwa ka bi shi a hankali, domin edita ne ke da shafi, ba shi ba. Kada ka biya kafin ka gani a buge.

Idan kana sayarwa a kasuwar intanet ta Amazon, ka sani dokarsu ta hana sharhin da aka biya da na 'yan'uwa na jiki, kuma sukan goge shi idan suka gano.

Tambaya: Ina ganin ɗalibai suna rubuta kundin digiri a kan littattafan wasu. Yaya nawa zai shiga hannunsu? *Wani marubuci, Haɗeja*

Amsa: Malam, ɗalibi ba ya nazarin littafin da bai gani ba, malami kuma ba ya amincewa da batun da bai san littafinsa ba. Don haka hanyar ita ce ta ɗakin karatu da ofishin malami. Sassan da ke koyar da Hausa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da kwalejojin ilimi masu ba da NCE, kowace shekara suna da ɗaliban ajin ƙarshe da ke neman abin da za su yi nazari a kai, kuma malamai sun gaji da ganin littattafai iri ɗaya ana maimaita su. Ka kai kwafi biyu ɗakin karatun sashe da wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, ɗaya babban ɗakin karatu, sannan ka tambayi wa ke koyar da rubutun zube, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo, gwargwadon abin da ka rubuta, ka ba shi nasa a hannu. Lokacin da ya fi shi ne farkon shekarar karatu, kafin a raba wa ɗalibai batutuwa.

Akwai abubuwan da ke sa manazarci ya ajiye littafi. Na farko rashin shekarar bugu. Littattafan Hausa da yawa na kasuwa sun fito babu shekara, babu sunan gari, kuma wannan yana wahalar da duk mai son ambaton su a rubutun ilimi. Na biyu, labarin da aka raba na ɗaya da na biyu da na uku, aka kai na ɗaya kaɗai. Na uku, rashin ISBN. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da ita a Nijeriya, lamba 13 ce, kuma ta Nijeriya tana farawa da 978-978. Dokar 1970 da ta shafi ɗakin karatun ta wajabta wa mai buga littafi mai zaman kansa ya ajiye kwafi uku a can. Marubuta da yawa suna ganin wannan asara ce, alhali shi ne ke sa a samu littafin bayan ya ƙare a kasuwa.

Ka shirya tarihinka a shafi ɗaya, domin kusan duk kundi yana da babin tarihin marubuci, kuma ɗalibi zai neme ka da tambayoyi. Ka amsa masa. Idan ya gama ka roƙi kwafi, ka kuma ba shi shawara ya tsamo kalma 700 daga ciki ya aika wa jarida da sunansa, in ba haka ba kundin a kanta zai zauna.

Mujallun ilimi irin su Algaita ta Kano da Ɗunɗaye ta Sakkwato da Harshe ta Zariya malamai ne ke rubutu a cikinsu, kuma maƙala takan ɗauki shekara ko fiye kafin ta fito. Wannan hanya tana ba littafi daraja da tsawon rai, amma ba ta kawo ciniki sai idan an sa shi cikin littattafan da ɗalibai za su karanta a aji.

Tambaya: Ni a Nijar nake, na buga littafin gajerun labarai. Ina so a yi masa sharhi a Nijeriya, amma wani ya ce Hausarmu za ta ba su wahala. In sauya ta? *Wani marubuci, Damagaram*

Amsa: Kada ka sauya, Malam. Bambancin rubutun kaɗan ne, fitaccensa shi ne ku kuna rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Sauran na kalmomin aro ne daga Faransanci, irin su lakwal da mushe da jandarma. Ka rubuta waɗannan da ma'anarsu a shafi ɗaya ka cusa a cikin littafin, ka kuma faɗa a wasiƙarka cewa ka bi ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ne, don kada a lissafa maka ita a kuskure. Karin harshen Damagaram a bakin taurari abin sha'awa ne ga manazarci, ba cikas ba.

Wajen aikawa, direbobin tasha da ke zirga-zirga zuwa Kano sun fi sauri. Ka haɗa kwafi biyar ko shida a ƙunshi ɗaya zuwa ga amintacce guda, da sunan kowa a jikin nasa, shi ya raba. Idan hali ya yi ka halarci bikin littattafan Hausa na HIBAF, wanda aka fara a Kaduna a 2021, da kwafi goma a jakarka.

Tambaya: An yi wa littafina sharhi, amma mutumin ya yi mini kaca-kaca. Ya ce jigon tsoho ne, ƙarshen kuma an yi gaggawa. Har ya ce tauraron ya mutu a Legas, alhali a Fatakwal ya mutu. Masoyana suna cewa in ba su dama su rama mini. *Wani marubuci, Kano*

Amsa: Malam, ka hana masoyan nan tun yau. Idan suka far masa da zagi, sauran masu sharhi suna kallo, kuma babu wanda zai sake taɓa littafinka.

Ka bar sharhin kwana uku, sannan ka ɗauki biro ka raba abin da ya faɗa gida biyu. Gida na farko kuskuren gaskiya, kamar Legas da Fatakwal. Wannan kana da haƙƙin gyarawa. Ka rubuta wa editan shafin layi uku: godiya, wurin kuskuren, da lambar shafin da ke nuna daidai. Kada ka ƙara da cewa wannan ya nuna bai karanta ba, masu karatu za su yi wannan lissafi da kansu. Gida na biyu ra'ayi, kamar tsufan jigo da gaggawar ƙarshe. Wannan ba a gyara shi da wasiƙa. Ka ba wa mutum biyu da ba sa jin kunyarka babi uku na ƙarshe, kada ka nuna musu sharhin, ka tambaye su yadda suka ji ƙarshen. Idan su ma suka ce an yi sauri, to ka samu aikin da za ka yi kafin bugu na biyu.

Suka ba ta kashe littafi kamar yadda marubuta ke tsoro. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu, musamman New Nigerian, a kan littattafan soyayya na Kano, wasu masana suna kushewa wasu suna karewa. Wannan ce-ce-ku-ce na cikin abin da ya ja hankalin jami'o'i na gida da na waje zuwa ga littattafan.

Idan a cikin sharhin akwai jimlar da ta yaba wani abu, kana iya sa ta a bangon bugu na gaba da sunansa, bayan ka nemi izininsa. Amma ka ɗauke ta cikakkiya. Idan ya rubuta "hirar taurarin tana da daɗi, sai dai ta yi yawa", ba ka da damar yanke rabin farko ka bar na biyu. In ka fitar da sabon littafi, ka sa sunansa cikin waɗanda za ka aika wa, da takardar bayani da wasiƙa kamar kowa.